Gabas Ba Ta da Tasha

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Yaya Ɗanjuma a gidana na unguwar Nuzla a Jidda ya san ba a kai loma sai an gama karatun tsibiri. Da an ajiye farantin shinkafa zai naɗe hannun riga, ya tattara ta ta yi tsawo, ya ce, "Ga tsibirin Pemba nan." 'Yan shekaru ya yi yana dakon kanumfari a jirgin ruwa a can, amma mun sha labari har ya koma ga Allah.

Da yatsa yake loɓa tashoshin: Wete a arewa, Cake-Cake a tsakiya, Mkowani a kudu, duk a gefen yamma. Nama shi ne kaya, kaya kuwa ta tasha suke fita. Su wa ke zama a yamma? Shi da 'ya'yana, Khalid da Fa'iza. Ni ƙaninsa da na sayo naman, kullum ina gabas.

"Yaya, miƙo min tsoka ɗaya mana."

"Ta ina? Gabas duwatsu ne da igiyar ruwa, jirgi ba ya tsayawa."

Wallahi abin yana cin raina! Ba naman ba, yaran. Sai in wuni ina tuƙa motar kafili, wato maigidana, in dawo ba mai karɓar ledar hannuna. Shi kuwa ya yi gyaran murya a ƙofa, sun ruga suna kiransa baffa da Larabci: "Ammi ya zo! Yalla, maza faranti!"

Ran nan na riga shi zama a yamma, tsakiya ma. Ko a jikinsa.

"Cake-Cake ka zaɓa? Kash! Ruwa ya janye, sai laka. Jira ya dawo."

Ruwan bai dawo ba sai da ƙashi kawai ya rage.

Na ce bari in rama. Na kwashi yaran a mota, na nuna musu tashar Jidda daga nesa, jirage kamar unguwa guda. Fa'iza ta shaƙi iska ta yatsine fuska.

"Baba, fen ƙamshin, ina yake? Ammi ya ce tashar da ba ta ƙamshin kanumfari garejin mota ce."

Ni direba aka gaya wa haka!

Da ciwo ya kwantar da Yaya, ko kunu ba ya iya sha, amma ya ce a kawo faranti. Ya sa yatsa ya loɓa gefen gabas, ya turo naman duka gabana.

"Halas, shi ke nan, an buɗe sabuwar tasha. Ku yara, ni baki kawai nake. Jirgin da yake kawo kayan nan tun kuna ciki, ga shi nan zaune."

Yaran suka juyo suna kallona. Naman da na yi shekaru ina hari, ranar na kasa cin ko tsoka ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya sauke ka a tashar da ruwanta ba ya janyewa, Ya ajiye min wuri kusa da kai, ko a gabas ne.