Mai Hatimi Ya Amsa Laifin Kutse

Shekara ashirin da shida Baba Mai Hatimi ya yi a ofishin takardun haihuwa, teburinsa na bayan ƙofa, ƙarƙashin fankar da ta daina juyi. Aikinsa ya hura wa hatimi iska, ya buga, ya ce, "Allah ya raya." Mutum ne mai saurin amsa laifi. Ko ƙafa ka taka masa, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Wata Talata sakatariya ta fita cin abinci, Baba ya hangi ƙura a kan kwamfutarta, ya cire hula ya goge madannan. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta kusa da ita ma haka. Bai gama mayar da hular ba manaja ya fito a guje yana cewa har na asibiti da na tashar jirgi sun mutu.

Baba ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ne. Da hula na yi."

Bayan kwana biyu masu bincike suka zo, suka ce kutse ne daga waje, kuma aiki irin wannan sai da hannun wata gwamnati. Aka zargi ƙasa uku. Ta farko ta ce sharri ne, ta biyu ta ce ta farkon ce, ta uku ta ce ita ko labari ba ta ji ba.

Baba ya sa hular a leda, ya kai wa shugabar masu binciken, ya durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Baba, masu kutsen nan watansu takwas a cikin na'urorin. Ba kai ba ne."

"'Yata, su sun amsa?"

"Sun musa."

"To ni na amsa. Rubuta."

Ta rubuta don ya tashi daga ƙasa.

A gida matarsa ta riƙe haɓa. "Malam, kai da ko talabijin sai na kunna maka?"

"Abin da ya ƙara tsorata ni ke nan."

Sati uku ana gyara, shi kuwa yana rubuta takardun jarirai da hannu, ya hana kowa taya shi, wai shi ya ɓata.

Da rahoto ya fito, shafi casa'in, ƙarshensa ya ce ba a tabbatar da mai laifi ba. Sakatariya ta karanta masa. Baba ya share hawaye.

"Allah sarki, mai binciken nan yarinyar kirki ce. Ta rufa mini asiri saboda tsufana."