Jaridar Kaka a Hannun Mai Tawada

Ana idar da sallar asuba motar makaranta ta tashi da mu daga Kwali. Mu 'yan ƙungiyar jaridar makaranta ne, za mu Garki ganin wani tsohon injin buga takardu. Ni na rungume tsohuwar jaridar Kaka, mai hoton marigayi mijinta cikin ma'aikatan jirgin ƙasa. Da ƙyar ta ba ni aro. "Ko ɗigo ya taɓa ta, kada ki dawo mini gida," ta ce, kuma ba ta yi dariya ba.

A Gwagwalada 'yan ajinmu suka sayi soyayyiyar doya, yanka sirara kamar an auna da rula. Ban ci ba, saboda mai. A Lugbe cunkoso ya riƙe mu har malamarmu ta yi gyangyaɗi.

Shagon da injin yake ɗan ƙarami ne, yana warin kananzir. Mai shi, wani dattijo mai gurguwar Hausa, ya nuna mana haruffan ƙarfe a gidajensu na katako. Haka aka riƙa jera jarida a da, harafi bayan harafi, a shafa tawada, a danna.

Malama ta ce in nuna tawa. Kafin in gama buɗewa ya karɓe. Sai a lokacin na ga yatsunsa, baƙi ƙirin har farce. Ya juya takardar, ya rufe ido, ya fara shafa bayanta.

Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai na ji na ce, "Baba, hannunka!"

Ya tuntsire da dariya. "Yarinya, ka ji tsoro?" Ya goga babban yatsansa a farar takarda, ya ɗaga mini. Fes. "Wannan tawada ya girme ka. Ya shiga fata, ba ya fita."

Ya ce mu ma mu shafa. Ashe kowane harafi ya bar ɗan tudu a baya, inda ƙarfe ya danna. Da haka masu sana'ar suke gane bugun zamanin da.

A hanyar dawowa na ci doya har da ta maƙwabciyata, jaridar tana can ƙasan jaka. Na koyi cewa ana karanta tsohuwar jarida da yatsa, kuma muryata tana fita idan ta kama.

Kaka ta duba gaba, ta duba baya, ta mayar cikin akwati ta kulle. Sannan ta ce, "To, shigo."