Kalmar da Yaya ya ce babu ita a gidanmu

Turancina bai taka kara ya karya ba. Firamare na gama a Rimawa, daga nan sai Islamiyya, sai aure ya kawo ni Wurno. Abin da ya rage mini a kai bai wuce gaisuwa da ƙidaya da sunayen dangi ba. Amma su sunayen dangin sun zauna daram, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su, domin ba malamin aji kaɗai ya koya mini su ba. Yayana ne ya dasa mini su, yana jifana da albasa.

Bari in faɗi yadda muke da shi, tunda maganar duk a nan take. Mahaifina ƙanen mahaifinsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyata ta rasu ina jaririya, a lokacin kuma Inna, mahaifiyar Yaya, tana goyon wani yaro wanda daga baya ƙyanda ta ɗauke. Sai ta haɗa mu ta shayar. Kafin in yi wayo mahaifina ma ya bi matarsa. Saboda haka ban tashi na san wani uba ba sai Baba, ban san wata uwa ba sai Inna. Ba a ɓoye mini asalina ba, amma ba a taɓa nuna mini shi a kwanon tuwo ba. In Baba ya sayar da albasa ya yi wa Yaya riga, ni ma sai an yanko mini atamfa. In mun yi laifi kuwa, bulala ɗaya ke zagaya mu.

Wata rana a aji malam ya cika allo da kalmomi: father, mother, brother, sister, uncle, aunt. A can ƙasa ya rubuta cousin, ya ce ita wannan ba ta da Hausa, sai dai bayani. Ɗan wan ubanka ko ɗan ƙanen ubanka, ko na wajen uwa, duk cousin ne, ba brother ba. 'Yan aji suka yi ta dariya, wai sunan kaza malam ya kira, don haka kalmar ta faɗa musu a kunne. Ni ban yi dariya ba. Na zauna ina lissafin gidanmu, na ga ashe a Turance ba ni da kowa.

Na iske Yaya a bayan gida, a rudun albasa, rumfar da Baba ke ajiye albasa har ta yi daraja. Ya zo hutu daga sakandare, an sa shi tsince ruɓaɓɓu. Ya dube ni ya ce, "Mi ya same ki, kin cika kin batse?"

Na ce, "Malam ya ce kai ba brother ba na, wai cousin na."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya daina, ya ce, "Zamna nan. Nonon wa kis sha?"

Na ce na Inna.

"Ni hwa, nonon wa nis sha?"

Na ce na Inna.

Ya ce, "To wagga kalma ta Turawa ta, su da ba su san hakkin nono ba. Gidanga babu cousin. In an tambaye ki a jarrabawa ki rubuta ma malam abin da shika so, amma in kin taho gida ki aje ta bakin zaure."

Daga nan ya kama yi mini darasi. Ya nuna turakar Baba, in ce father. Ya nuna inda Inna ke daka, in ce mother. Ya bugi ƙirjinsa, in ce brother. Ya nuna ni, in ce sister. In na yi jinkiri ko na juya su, sai in ji ƙaramar albasa a tsakiyar kaina. Ranar na kwana ina warin albasa, amma raina fari ƙal.

Shekaru suka tafi. Yaya ya yi karatu a Sakkwato, aiki ya kai shi Kaduna, ya auri 'yar can mai ilimi irin nasa. Ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai gaisuwarta gajera ce. Da suka tashi yaye 'yarsu ta fari, Inna ta tsufa, sai Baba ya ce a kai ta Wurno wurin gwaggonta. Ni ke nan. Yarinyar nan ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta cije ni a kafaɗa, ta ƙi kunu sai na sa mata zuma. A bayana ta manta da nono. Da bakinta ya buɗe, Gwaggo take ce mini, kuma duk hutu sai ta yi rigimar a kawo ta.

Bayan ta shiga sakandare sai na ji ta koma ce mini Anti. Na ja kunnenta da wasa, na ce Anti ai kowa ce, mai sayar da atamfa Anti, malamar asibiti Anti, matar da kika tambaya hanya ma Anti. Gwaggo kuwa 'yar'uwar ubanki ce, ba a sayen ta a kasuwa. Ta yi dariya ta ce to, Gwaggo. Hutu na gaba ta dawo da Antinta. Na ƙyale, na ce yayi ne. A tsakanin nan Baba ya rasu, Inna ta bi shi, zuwan Yaya gida ya koma sai da dalili.

Sai ga labarin auren yarinyar. Mijin ɗan Rabah ne, a jami'a suka haɗu, Yaya kuma ya ce a Rimawa za a ɗaura, a gidan Baba. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. A wurinmu, ranar kai amarya gwaggo ce ke riƙe hannunta ta shigar da ita gidan miji, ta danƙa ta ga dangin ango ta ce ga amana. In wata matsala ta taso daga baya, ita ake fara nema kafin magana ta kai ga uba. Yaya ba shi da wata 'yar'uwa mace sai ni, don haka ban ma tsaya tambaya ba. Tun da sauran kwanaki na tattara na koma Rimawa. Na share ɗakin Inna na shafe shi, na tara matan unguwa muka yi nakiya da alkaki da dubulan, na haɗa turaren wuta da hannuna. Har maganar da zan faɗa wa amarya a bakin ƙofar mijinta na tsara, ina maimaita ta ina tuƙa tuwo, irin wadda Inna ta faɗa mini ranar da aka kai ni Wurno.

Ranar ɗaurin aure, bayan azahar, matan gidan ango suka zo gaisuwa. Babbarsu gwaggon ango ce, dattijuwa mai tabarau, an ce tsohuwar shugabar makaranta ce. Aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida, Yaya ya shigo ya durƙusa ya gaishe su, matarsa da yayarta suna gefe. Ni kuma na fito daga madafa ɗauke da tiren fura.

Dattijuwar ta ce, "Alhaji, wa za ta kawo muna ɗiyarmu, mu san wadda za mu tarba?"

Matar Yaya ta yi caraf ta nuna yayarta.

Dattijuwar ta gyara tabarau ta ce, "A'a. An ce muna kana da ƙanwa a Wurno, wadda tay yaye yarinyar. Ba ita ta wagga ba? Ai gwaggo tana da rai ba a ba wata."

Na tsaya da tire a hannu ina murmushi, ina jiran Yaya ya ce ita ce. Bai dube ni ba. Ya dubi matarsa, sannan ya juya harshe zuwa Turanci, yadda manya ke yi in ba sa son yara su ji. Maganar ta yi sauri, yawancinta ta wuce ni. Amma na ji no sister. Na kuma ji just my cousin. Ita just ɗin sai daga baya na tambaya aka ce mini ma'anarta kawai. Sauran kuwa ban nemi tafinta ba, shi ya koya mini.

Dattijuwar ta dube ni, ta dube shi, ta ce to, ku kunka san gidanku. Na durƙusa na ajiye tiren, ko ɗigo bai zuba ba, na ce a sha ruwa. Na koma madafa na zauna a kan turmi. Ban yi kuka ba a lokacin. Zuciyata ce kawai ke tafasa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Turancin. Da ya faɗa da Hausa, da dole ya ce 'yar ƙanen babana ce, kuma kowace mace a tsakar gidan nan za ta ce masa ai ƙanwarka ce ke nan. Ya san Hausa ba za ta ba shi hanya ba, shi ya sa ya aro harshen da zai fitar da ni. Kuma ya yi zaton ba zan gane ba.

Bayan la'asar aka fito da amarya cikin lulluɓi, yayar uwarta riƙe da hannunta. Da suka zo daidai ni ta tsaya, ta ce daga cikin mayafi, "Anti, ba ki zuwa?" Wata ta ce akwai wuri a motar baya, wadda ta ɗauki kwanukan gara. Na ce ƙafata ke ciwo. Na danƙa mata kwalbar turaren a hannu, na ce Allah ya ba da zaman lafiya. Maganar Inna da na yi kwanaki ina tsarawa ta koma ciki. Da motocin suka kama hanyar Rabah na jawo tukwane na yi ta wanki, nan ne hawayen suka zo.

Washegari da hantsi Yaya ya shirya komawa. Ya zo bakin ɗakin Inna inda nake naɗe tabarmi, makullin mota a hannunsa, fuskarsa a sake. Ya ce, "Ƙanwata, sannu da aiki. Wallahi kin hidda ni kunya."

Na ce, "Hwaɗa da Turanci."

Ya ce, "Mi?"

Na ce, "Ƙanwata. Hwaɗa da Turanci in ji. Ai kai ka koya min."

Murmushin ya ɗauke. Ya yi ta juya makullin a hannu. Can ya ce, "Kin san mutanenmu na birni, uwar yarinya ta riga ta yi ma yayarta alkawali. Kuma ai ba ƙarya niy yi ba, a Turance haka abin yake."

Na ce, "Nonon wa kas sha?"

Ya dubi gadon Inna, ya dubi ƙasa, ya ce rana na yi, hanya da nisa. Na raka shi har bakin zaure, don kada maƙwabta su ce wani abu.

Amarya tana can Rabah, nan kusa da ni, har ta haihu. In wani abu ya taso a gidanta Kaduna ake bugawa waya, ni sai dai in ji a bakin mutane. Shi kuma duk Sallah yana kira, kuma har yau ƙanwata yake cewa. Ina amsawa saboda Inna. Amma a nan kaɗai, a rubuce, nake iya ce masa Yaya. In ya kira, Alhaji nake ce masa, kamar yadda direbansa ke faɗa.