Ranar da Aka Ja Kujerar Malam Gaba

Ni ban taɓa tuƙa mota ba, makaranta ma ban shiga ba balle in ce a takarda na ga yadda ake yi. Amma kunnena ya san kukan giya. Shekara talatin da ɗoriya ina auren direba. Idan wani ya sa giya ba daidai ba a bakin titi, ina tsakar gida zan ji abin har cikin haƙorana.

Wannan kukan ne ya hana ni sakat a damunar da matar babban ɗana take koyon mota. Gidanmu a Birnin Kudu yana daf da wani fili, can ake kai ta kullum bayan la'asar. Ina kan tabarma ina tsintar wake, sai in ji motar ta tashi lafiya, ta ɗan ja, sai ƙarrrr, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. In ajiye faifan in saurari ta biyu. Ta biyun ma haka.

Motar ta Malam ce, mijina, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu ɗana ya riƙe ta, yana fita da ita jefi-jefi, don shi wurin aikinsa a cikin gari yake.

Ita matar tasa ungozoma ce. Aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti wajen Zandam, a ƙasar Gwaram. Wata biyu tana bin bas zuwa Gwaram, daga nan ta hau acaɓa. Ran nan an kwana ana ruwa, babur ya zame da su a taɓo, aka dawo mana da ita goshi a fashe, hannun hagu a ɗaure. Ɗana ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yanke magana. Ya ce ta gama hawan babur. Ga motar Baba nan, ta koya. Kafin hutun da aka ba ta ya ƙare zai zauna kusa da ita ta kai shi Gwaram, ya gani da idonsa. In ta iya, ta ci gaba da aiki. In ba ta iya ba, ta rubuta takardar ajiyewa.

Ni kuwa akwai abin da yake cina. Haihuwata ta biyu a ƙauyenmu na wajen Kiyako na yi ta, kwana biyu ina naƙuda, ba wanda ya san abin yi, yarinyar ta zo ba rai. Ban taɓa ba wa matar ɗana wannan labarin ba. Ni dai na san abin da ake nufi in aka ce gari ba ungozoma, kuma ba na so a ce a gidana aka zaunar da guda.

Da hannun ya warke, mijin ne ya fara koya mata. Kwana huɗu suna dawowa ba mai kallon wani. Sai ya miƙa ta ga baffansa, ƙanen Malam, wanda bakanike ne, shi yake duba motar tun tana sabuwa. Sitiyari ta iya. Birki ta iya. Giya ce ta ƙi. Ɗana ya ce garaje ne da ita. Baffan ya ce hannunta ne ya yi nauyi, ta riƙa lallaɓa sandar giyar. Ina ji kuma ya gaya wa ɗana a zaure, in aka ci gaba a haka haƙoran giyar za su cinye, motar ta kwanta gaba ɗaya.

Saura kwana biyar hutun ya ƙare na shiga ɗakin girki neman ashana, na tarar da ita a tsugune da biro da takarda a kan gwiwa. Tana ganina ta tura su ƙarƙashin tire. Ba na karatu, amma na san irin takardar da ake rubutawa ana jan hanci.

Na ce, “Tashi ki ɗauko makulli.”

Ta ce, “Inna, ai Baffa ba ya nan, sun tafi ɗaurin aure.”

“Baffa na ce ki ɗauko ko makulli?”

Na shiga gaba, wurin da na saba zama. Rabona da shi tun rasuwar Malam. Ta tayar da mota. Ni kuma kaina ya sunkuya da kansa, don haka jikina ya saba a wannan kujerar. A zamaninmu mace ba ta zauna kusa da miji tana ƙare masa kallo, balle ga fasinja a baya. Duk tafiyar da na yi da Malam, ƙasa nake kallo, kuma abin da yake ƙasa shi ne ƙafafunsa. Na haddace su kamar yadda na haddace hanyar rijiya. Ta hagu takan danna kuloci har sai ya taɓa ƙarfen ƙasa, in ji ɗan ƙut, sannan hannu ya motsa. Bai taɓa motsa hannu kafin wannan ƙut ɗin ba.

Na zuba wa ƙafar yarinyar nan ido. Gajeriya ce, ko kafaɗar mijinta ba ta kai ba. Za ta canja giya, sai na ga ta zame gaba a kan kujera, ta miƙe ƙafa iya miƙewa, babban yatsanta kaɗai yake taɓa kulocin, silifas yana lanƙwashewa. Ga zani ta ɗaure shi tamau har idon sawu, ya riƙe mata gwiwa. Kulocin ya tafi rabi ya tsaya. Ta ja sanda. Ƙarrrr.

Na ce, “Tsaya.”

Ta taka birki, motar ta yi tsalle ta mutu. Ta kifa kai a sitiyari ta ce, “Inna, kin gani ko? Hannuna ne. Na yi, na yi.”

“Ba ruwan hannunki. Ƙafarki ba ta kaiwa. Ja kujerar gaba.”

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta sake sunkuyawa. Ta ce a hankali, “Kujerar Baba ce, Inna. Yadda ya bar ta haka take. Shi ma baban yara bai taɓa gusar da ita ba.”

Gaskiya ta faɗa. Malam dogo ne, ɗansa ya gado shi, kujerar tana can ƙarshen baya tun ranar da aka sayo motar. Buzun sallarsa ma yana rataye inda ya rataye shi, ba mai taɓawa. Yarinyar nan ta san ƙafarta ba ta kaiwa tun ranar farko. Mako uku tana shan faɗa, ta gwammace a ce ba ta da kai, da ta buɗe baki ta ce a matsar da wurin zaman surukinta. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Na ce, “Mai kujerar mijina ne, ni na ce ki ja.”

Ta laluba ƙarfen da yake ƙarƙashi ta ja, ya ƙi. Na sa hannu muka ja tare, ko gezau. Tsatsa ta cinye shi.

Washegari da hantsi na sa ta kai ni garejin Baffa, a giya ɗaya muka je har can, masu babur suna ta yi mana hon. Yana ganina ya fito yana goge hannu da tsumma.

“A'a, matar Yaya da kanta! Ke ma koyon za ki yi? Sai mun sa miki filo uku.”

Na ce, “Kai dai an yi asarar sifana a hannunka. Mako biyu kana zaune kusa da yarinya, ba ka ga ƙafarta ba ta kai kuloci ba?”

Ya leƙa ta taga, ya yi maza ya kau da kai. Ya ce, “Haba Yaya. Matar ɗana ce fa. Ni ina ni ina kallon ƙafarta? Titi nake kallo, sai hannunta a kan sanda.”

“To ga abin da titin ya koya maka. Zo ka kwance.”

Ya ɗiga baƙin mai, ya bubbuga da guduma, ya sa gwiwa ya tura. Kujerar ta yi ƙara ta tafi gaba. A wurin da ta tashi sai ga wani busasshen goro da ƙwayar carbi guda biyu a cikin ƙura. Na san carbin, na Malam ne. Na tsince su na ƙulle a bakin mayafi, ban bari kowa ya ga fuskata ba.

Kwana uku suka rage mana. Na ce ta sa wando a ciki, ta sassauta zanin, hijabinta ai har ƙasa yake. Na ce ta cire silifas ta taka da tafin ƙafa. Muka koma fili. Ba ni da sunayen abubuwa irin na su Baffa, abin da na gani nake faɗa. Danna har ki ji ya taɓa ƙasa. Ɗaga ta dama daga totur. Kada ki fizgi sandar daga nan zuwa can, kai ta tsakiya ta ɗan huta, sannan ki wuce da ita. Sakin kulocin kuwa, na ce ta tuna yadda take zare hannu daga ƙarƙashin kan jaririn da ya yi barci. Wannan ta gane shi nan take, aikinta ne.

Wani abin kuma, tana yawan sunkuyawa ta duba sandar. Na yafa gefen mayafina a kan hannunta na ce ta kalli gabanta. Ta ce yaya za ta san lokacin canjawa. Na ce injin zai gaya mata: in ya fara ihu yana neman ta gaba, in ya fara tari da kakkarwa yana neman ta baya.

Ba a rana ɗaya ta gyaru ba. Hawa giya ya zo da sauƙi. Saukowa daga ta uku zuwa ta biyu ne ya riƙa kuɓuce mata, don in ta tsorata tsohon halin yana dawowa, hannu ya riga ƙafa. Ranar ƙarshe sau biyu ta yi ƙarar. Abincin kirki ban ci ba ranar.

Ranar tafiya ɗana ya buɗe ƙofar gaba zai zauna, sai ya tsaya. Idonsa yana kan kujerar direba. Ni ina baya.

Ya ce, “Wa ya taɓa kujerar Baba?”

Na ce, “Ni ce. Shiga mu tafi, rana tana yi.”

Ya shiga ya zauna. Muka fita daga gari, duwatsu suka koma bayanmu, gero da dawa kore shar hagu da dama. Ina ƙirgawa a zuci. Ta biyu, shiru. Ta uku, shiru. Ta huɗu. Ban iya ganin ƙafarta daga baya ba, sai kunne, da ƙwayar carbin nan da nake murzawa ta cikin mayafi.

Ashe ranar kasuwar Gwaram ce. Tun kafin mu shiga gari hanya ta cushe da amalanke da babura da masu jan awaki. A wani ɗan hawa wata bas ta tsaya cak a gabanmu tana sauke buhuna. Injinmu ya fara tari. Nan ne wurin saukowa daga ta uku zuwa ta biyu. Hannunta ya kai kan sanda da sauri, na ji giyar ta fara ƙar, sai ta saki. Ta ja numfashi. Na ji ƙut. Ta mayar da hannu, sandar ta shiga kamar an sa cokali a man shanu. Muka kewaye bas ɗin muka haye.

Ɗana ya ji wannan ƙaramar ƙarar, na san ya ji, don ya juyo ya dube ta. Ta tsaya a gindin wata bishiyar maina kusa da tasha ta kashe mota. Ɗana ya fita ya sayo mana ruwa, ya zagayo ta ɓangaren direba ya buɗe ƙofa, ta fito ta ba shi wuri. Ya sa ƙafa ɗaya, gwiwarsa ta daki sitiyari. Ya sunkuya ya kama ƙarfen kujerar, yanzu da yake ya sha mai yatsa ɗaya ma ya isa ya mayar da ita baya. Ya daɗe a haka. Sai ya saki ya miƙe.

Ya ce, “Ni wurin nan ya yi mini kaɗan. Zo ki ƙarasa da mu asibitin naku, in ga hanyar.”

Takardar nan ta ƙarƙashin tire, da ita na hura wuta washegari. Yanzu shekara ta zagayo tana zuwa tana dawowa. Amma har yau in ta fita da safe ba na komawa ɗaki. Ina tsayawa a zaure in bi ta da kunne, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har ta sha kwanar masallaci. In damuna ce kuma, ba na kwance ƙullin carbin nan daga mayafina sai na ji tsayuwarta a ƙofar gida.