Butar Kawu Ɗanjuma a Tsaunin Yaƙi

Unguwar Hadayek el-Ma'adi, Alƙahira, ƙarfe 4:40

Wata Asabar a 2012 muka fito tun kafin assalatu, ni da Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, wanda ya zo Alƙahira aikin ido ya sauka a ɗakina na ɗalibta. Ranar da ya taso Inna ta ce mini a waya, "Amana na turo maka." Ya gaji da zama, ni kuwa da karambanina na zaɓo masa wani tsauni a hamadar Sina inda aka gwabza a yaƙin 1973.

Ya riƙo butarsa ta roba tun daga Gusau, mai yoyo ta gindi. Na sayo sabuwa da niyyar in jefar da tsohuwar a ɓoye, sai na manta.

"Kawu, wannan buta tana ba ni kunya."

"Ta girme ka," in ji shi.

Hanyar Suwais

Ammu Sabri direba ya ce yalla, muka kama hanya, kilomita wajen 130. Ƙarfe bakwai muka karya da wake da gurasa a Suwais. A bakin ramin da ya ratsa ƙarƙashin mashigin ruwan Suwais sojoji suka riƙe fasfo ɗinmu minti arba'in. Kafin nan buta ta jiƙa wa Ammu Sabri mota, yana ta cewa ma'alish, wato ba komai, yana cije leɓe.

Kan tsauni, ƙarfe 10:15

Ɗakunan kankare a cikin ƙasa, igwa mai baki kamar turmi, tankar yaƙi a ƙone. Na tsaya a gabanta, na tuna mutane ne a cikinta. Ina nan tsaye ban ankara ba, Kawu, wanda ba ya kama ruwa inda ido zai gan shi, ya cika buta ya tsallake wayar shinge ya gangara bayan wani tudu. Allon gargaɗi yana nan, amma idon Kawu ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan dishi-dishi.

Sai sojan da ke gadi ya kwarma ihu: "Algam!" Bama-bamai ke nan binne a ƙasa.

"Kawu, kada ka motsa! Bam ne a ƙasan nan!"

"Tun yaushe?"

"Tun yaƙi!"

"Innalillahi. To, ɗan nan, ya za a yi?"

Sojan ya ce sai Kawu ya tako sawunsa daidai. Wane sawu a kan tsakuwa? Ina zare ido sai na hango ɗigon ruwan butarsa, jere tun daga waya har bayan tudun. Rana kuwa tana ta shanye shi.

"Hagu kaɗan, Kawu. Tsaya! Miƙe yanzu."

Taku talatin da ɗaya na ƙirga. Ukun ƙarshe ɗigon ya riga ya bushe. Kawu ya yi bisimilla ya tako, sojan ya fizgo shi ta kafaɗa. Na zube ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Komawa gida, ƙarfe 6:30

Da yamma muka iso Alƙahira. Muna shiga ɗaki Inna ta kira, Kawu ya ce mata, "Lafiya lau, ɗanki ya riƙe amana." Ban iya karɓar wayar ba.

Na gode wa Allah, na gode wa sojan nan da ban san sunansa ba, da Ammu Sabri. Da na sunkuya ajiye takalmi sai na ga sabuwar butar a ƙarƙashin gado cikin ledarta. Lafiyayya ce, ko ɗigo ba ta yi.