Mai Kwafi da Fim ɗin da Ya Tona Shi

A layinmu akwai wani ɗan shago mai injin kwafi da firinta guda. Mai shagon siriri ne, ba ya son hayaniya, kuma kowa Marubuci yake ce masa. Da tsokana sunan ya fara, domin ya taɓa rubuta littafin labari ya buga da kansa, kwalayen suka ƙare a ƙarƙashin gadonsa. Matarsa takan ce ko gara ta fi mutanen gari karanta shi.

Shekara da shekaru yana kai littafin ofisoshin masu shirya fim. Wani ya ce ya dawo gobe, wani ya karɓa ya ɗora kofin shayi a kai. Bai fasa ba. Duk wanda ya ji yana da kyamara, sai ya wanke riga ya je.

Sa'ar kuwa a shago ta same shi. Wani darakta ya shigo kwafin takardu, wuta ta ɗauke, ya zauna jira. Don ya rage zaman ya ɗauki littafin a kan kanta. Har wuta ta dawo bai ɗago kai ba. Ya ce labarin ba laifi, amma kawun nan mai baƙar zuciya da ya kori maraya daga gida, shi ne fim ɗin.

Abin da daraktan bai sani ba, kawun nan yayan Marubuci ne, mai walda, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mai tsanani, kuma a lokacin da suke 'yar tsama Marubuci ya rubuta littafin. Bai taɓa damuwa ba, tunda Yaya ba ya karanta labari.

Da aka fara shiri, ɗan wasan da zai fito a kawu ya roƙi Marubuci ya kwatanta masa mutumin. Daɗi ya kwashe shi. Ya nuna masa yadda kawu yake gyaran murya kafin ya yi magana, da yadda yake goge tabarau da gefen riga, da yadda yake rufe kowace magana da "ni dai na gaya maka". Har ya kai shi tsallaken titi suka tsaya suna kallon Yaya yana aiki.

Ranar da aka haska fim ɗin, Yaya ya rufe shagonsa, ya sa sabbin kaya, ya kwaso iyalinsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa ƙaninsa ne ya rubuta. Kawu ya fito, ya yi gyaran murya, ya goge tabarau. Da ya ce "ni dai na gaya maka", 'yan layinmu suka fashe da dariya, wasu suna waiwaye. Babbar 'yar Yaya ta juyo ta kalli baffanta. Marubuci ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Har aka gama, takalminsa yake kallo.

A bakin ƙofa mutane suna ta miƙa masa hannu, Yaya ya tsaya gefe sai da suka ragu.

"Ɗan wasan nan ya iya aikinsa," in ji shi. "Amma ni ban taɓa korar ka ba, ƙanena."

Fim ɗin ya karɓu. Direbobi suka riƙa jefa wa Yaya kalmar idan sun wuce shagonsa, har ya daina faɗinta. Marubuci ya koma zagayawa ta bayan layi don kada su haɗu. Matarsa ce ta gaji, ta ce masa wanda ya iya jure wulaƙancin ofisoshi ai ba zai kasa tsallaka titi ba.

Ya je da hantsi, ya samu Yaya yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara kame-kamen ban haƙuri. Yaya ya dube shi ta saman tabarau, ya ce ya tashi ya riƙe masa ƙarshen ƙarfen, kuma ya kau da ido daga wutar. Ya riƙe har aka gama ƙofar.