Baba Yari, Mai Kula da Tsofaffin Kwamfutocinmu

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2007, ina share gaban shago Mika mai acaɓa ya tsaya, bai ko kashe babur ba, ya ce mini Allah ya yi wa Baba Yari rasuwa a Dabai. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, tun da ka bar aikin soja, inda ka yi shekaru a sashen sadarwa, kai ne gatan duk mai shagon buga takardu a Zuru. Kwamfutocinmu tsofaffi ne na gwanjo, faifan ajiyarsu ɗan mitsitsi, kullum a cike. Duk da haka sai da ka ware wani yanki a faifan kwamfutata, ka hana ni taɓa shi. Na yi ta mita. Ka ce, “Hannah, 'yata, in na'urar nan ta faɗi, wato ta mutu tana cikin aiki, nan take zuba abin da ke kanta a lokacin. In babu wuri, ba za mu san ciwonta ba.” Duk ranar Asabar kana zuwa da tsohon kekenka, ka share tsofaffin bayanan faɗuwa, ka sha kunu, ka tambayi lafiyar mahaifiyata.

Ba zan manta ranar Rachel ba. Mijinta soja ne, ya tafi Saliyo bai dawo ba. Hotunansa da ta kawo muka kwafa, daga baya ruwa ya ci na gida, sai na cikin kwamfutata kawai. Ranar da ta zo a wanke mata su, allon ya koma shuɗi, na kunna ya sake mutuwa. Ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ni kuwa na fidda rai, har ina tunanin goge komai a fara sabo.

Ka zo kana gumi, ka ɗora faifan a wata na'urar, ka karanta abin da ta zuba a yankin nan. Ka ɗago ka ce, “Faifan lafiya lau, ƙwaƙwalwar na'urar ce ta gaji.” Ka canza ta. Da fuskar mijin ta bayyana, Rachel ta kira sunansa da ƙarfi. Ka fita waje kana goge tabarau, ka daɗe ba ka shigo ba.

Baba, ina kewarka ƙwarai. Na so a ce ka ga sabon shagon da ka yi ta ƙarfafa mini gwiwa in buɗe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalan Baba, Inna Fadima, Basira da Khairat, da dukan dangi a Dabai da Danko, Allah ya ba ku haƙuri. Ba ku kaɗai kuka yi rashin uba ba.